Ciwon Lufus: Sa'ad da Ya Taɓa Ƙwaƙwalwa da Hanyoyin Jini

Za a iya karanta wannan darasi a taron zumuntar mata, ko taron matasa, ko kuwa bayan an tashi sujada. Ya fi kyau a raba shi zama biyu domin a sami lokacin tattaunawa. Idan akwai ma'aikacin lafiya a cikin ikkilisiya, a roƙe shi ya zauna tare da ku.

Abin da muke so mu koya

- Mu san ciwon da ake kira lufus, da irin mutanen da ya fi kamawa.
- Mu gane yadda yake jawo farfaɗiya, da ruɗewa, da shanyewar ɓarin jiki, da yawan ɓari.
- Mu san abin yi a sa'o'in farko, da yadda za mu tallafi mai ciwon har tsawon rai.

Misali domin tunani

A ce akwai wata matar aure a ƙauyenku, shekarunta 24. Shekara biyu ke nan tana fama da ciwon gaɓoɓi da zazzaɓi mai zuwa yana komawa. Ta sha maganin zazzaɓin cizon sauro ba adadi, an yi mata allurar taifod, amma ba sauƙi. Gashin kanta yana zubewa. In ta wuni a gona cikin rana sai ƙuraje su feso mata a kumatu. Ta yi ɓari sau biyu, na biyun cikin wata biyar.

Ran nan da safe tana daka, sai taɓarya ta suɓuce daga hannunta na dama. Bakinta ya karkace, maganarta ta sarƙe. Surukarta ta ce, "Wannan jifa ne, na daɗe ina faɗa." Maƙwabciya ta ce iska ce ta buge ta a hanyar rafi. Mijin kuwa yana lissafin kuɗin mota. Aka kwantar da ita a ɗaki ana jiran a ga abin da gobe za ta yi.

Ciwon gaɓoɓi, da ƙuraje, da ɓari, da shanyewar hannu, a idonmu abubuwa ne dabam dabam. Amma mai yiwuwa ne dukansu rassan itace ɗaya ne. Idan haka ne, kowace sa'a da ta yi a kwance a ɗakin nan hasara ce.

Mene ne lufus?

Jikin kowane mutum yana da garkuwa, wato masu tsaro a cikin jini da suke yaƙar ƙwayoyin cuta. Suna kama da 'yan sintirin ƙauye. Aikinsu shi ne su gane baƙon da ya zo da mugun nufi su kore shi. A ciwon lufus masu tsaron nan suna rikicewa, sai su juya makamansu a kan mutanen gida. Suna iya auka wa fata, da gaɓoɓi, da ƙoda, da huhu, da zuciya, da ƙwaƙwalwa, da jijiyoyin jini. Likitoci sukan rubuta sunan ciwon a katin asibiti da haruffa uku: SLE.

Kalmar lufus daga Latinanci take, ma'anarta kerkeci, domin likitocin dā sun ga tabon da yake bari a fuska kamar cizon wannan dabba. An daɗe ana tsammani ciwon fata ne kawai. A shekarar 1872 wani likita a ƙasar Ostiriya, Moritz Kaposi, ya nuna cewa yana shiga har cikin jiki.

Ga abubuwan da ya kamata kowa ya riƙe:

- Cikin masu lufus goma, kimanin tara mata ne, yawancinsu tsakanin shekara 15 da 45.
- Ya fi yawa, ya kuma fi tsanani, a cikin baƙar fata da mutanen Asiya fiye da Turawa. A dā ana cewa da wuya a same shi a Afirka, amma rashin gwaji ne ya ɓoye shi. A 2009 likitoci a Legas sun ba da rahoton masu lufus 66 cikin mutum 1,250 da suka zo asibitin ciwon gaɓoɓi.
- Ba a ɗaukarsa. Cin abinci tare, ko kwana ɗaki ɗaya, ko aure, ba sa sa wani ya kamu. Ba ƙanjamau ba ne, ba kuma ciwon daji ba.
- Ba laifin mai ciwon ba ne. Akwai abin da ake gāda a jini da yake sa wasu su fi saurin kamuwa, sa'an nan zafin rana, da shan taba, da wasu cututtuka sukan ta da shi.
- Yakan tashi ya kwanta. Lafawarsa ba warkewa ba ce.
- Ba a kai ga maganin da yake raba mutum da shi gaba ɗaya ba, amma akwai masu danne shi. A shekarun 1950 kusan rabin masu lufus ba sa wuce shekara biyar da rai. Yau, a inda ake samun kulawa mai kyau, fiye da tara cikin goma suna nan da ransu bayan shekara goma.

Alamunsa na yau da kullum su ne gajiya mai tsanani, ciwon gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu da gwiwa, zazzaɓin da ba ya jin magani, zubewar gashi, miki a cikin baki, da ƙuraje a kumatu da karan hanci masu siffar malam-buɗe-littafi. A baƙar fata ƙurajen ba lalle su yi ja ba, wurin yakan yi duhu ne ko ya yi fari-fari. Kumburin fuska da ƙafafu, da fitsari mai kumfa, alama ce ciwon ya taɓa ƙoda.

Yadda yake yin ɓarna

Ku tuna da lambun rani a fadama. Ruwa yana bin magudana ya kai kowane fangali. In magudana ta toshe, fangalin da yake gabanta ya bushe, ko da rijiya cike take. Haka jini yake bin jijiyoyi ya kai abinci da iska ga kowane sashen jiki. Ƙwaƙwalwa ce ta fi kowa rashin jimrewa, gama mintoci kaɗan ba jini sun isa sashenta ya fara mutuwa.

Lufus yana tare wannan hanya ta fuska uku.

Na fari, kumburi. Masu tsaron da suka rikice suna ƙona bangon ƙananan jijiyoyin jini, ko su taɓa ƙwaƙwalwa da laka kai tsaye.

Na biyu, daskarewar jini. Kimanin uku ko huɗu cikin masu lufus goma suna da wasu makamai a jininsu da suke sa ya yi saurin guda a cikin jijiya. A 1983 Dokta Graham Hughes na Landan ya bayyana cewa waɗannan makamai ne suke haɗa daskarewar jini da shanyewar jiki da yawan ɓari. Likitoci suna rubuta wannan da haruffa APS, mu kuwa za mu kira shi ciwon jini mai danƙo. Ba duk mai makaman ne jininsa yake daskarewa ba, amma hatsarinsa ya fi na saura.

Na uku, tsukewar jijiyoyi a hankali. Kumburin shekara da shekaru, da hawan jini, da ciwon ƙoda, suna sa manyan jijiyoyi su yi tauri su cunkushe tun mutum bai tsufa ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1997 ya gano cewa mata masu lufus 'yan shekara 35 zuwa 44 sun fi tsaransu fuskantar bugun zuciya fiye da sau 50.

Alamu a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi

A 1999 ƙungiyar likitocin ciwon gaɓoɓi ta Amurka ta lissafta hanyoyi 19 da lufus yake taɓa ƙwaƙwalwa, da laka, da jijiyoyin da suke kai saƙo. Kimanin rabin irin waɗannan matsaloli suna zuwa ne tun farkon ciwon ko cikin shekararsa ta fari. Wato wani lokaci farfaɗiya ko ruɗewa ita ce abin da za a fara gani, tun ba wanda ya san akwai lufus. Ga waɗanda suka fi muhimmanci:

*Mantuwa da nauyin tunani.* Wannan ya fi yawa. Mace ta manta abin da ta je saye kasuwa, lissafi ya gagare ta, ta ji kamar hazo a kanta. Ba lalaci ba ne, ba kuma raini ba.

*Baƙin ciki da fargaba.* Ciwon kansa yana kawo su, wahalar jinya kuma tana ƙara su. In mutum ya fara cewa gara ya mutu, kada a ɗauka wasa ne. Kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi wurin likita.

*Farfaɗiya.* Mutum ya faɗi yana jijjiga, ko ya ƙura ido ya daina amsawa na ɗan lokaci.

*Ruɗewa da taɓin hankali.* Cikin 'yan sa'o'i ko kwanaki mutum ya kasa gane 'yan gidansa, ya yi ta surutai, ya ji muryoyi, ya ga abin da babu. Kaɗan ne cikin masu lufus suke kai wa haka, kuma yawancinsu hankalinsu yana komowa idan aka ba su magani.

*Shanyewar ɓarin jiki.* Baki ya karkace, hannu ko ƙafa na gefe ɗaya ya mutu, magana ta sarƙe. Wani lokaci alamun sukan wuce cikin mintoci. Wannan gargaɗi ne cewa babba yana tafe, a tafi asibiti ranar.

*Kumburin laka.* Ƙafafu biyu su yi sanyi su kasa ɗaukar mutum cikin sa'o'i ko kwanaki kaɗan, daga ƙugu zuwa ƙasa ya sage, fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba. Ɗaya ko biyu ne cikin ɗari suke samun wannan, amma jinkiri yana iya barin mutum gurgu har abada.

*Ido da gaɓoɓi.* Gani ya dushe a ido ɗaya farat ɗaya, ko a riƙa ganin abu biyu-biyu. Tafin ƙafa ya riƙa zafi ko a ji kamar ana tsira allura. Ƙafa ta riƙa jan ƙasa. Hannu ya riƙa motsi ba da niyya ba.

A nan sai mu yi hankali. Ba kowane ciwon kai ko ruɗewa a jikin mai lufus ne lufus ya kawo ba. Magungunan da suke danne ciwon suna rage ƙarfin garkuwa, saboda haka sanƙarau, da tarin fuka, da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa suna samun ƙofa. Hawan jini mai tsanani daga ciwon ƙoda yana kawo jijjiga. Maganin firednisolon kansa, in an sha da yawa, yakan hana barci ya birkita tunani. Maganin ɗaya yana iya zama guba ga ɗayan: abin da yake kwantar da lufus yana iya ƙarfafa sanƙarau. Shi ya sa ba a yin wannan hukunci a gida ko a kemis. Sai an yi gwaji.

Alamu a hanyoyin jini

*Gudan jini a ƙafa.* Ƙafa ɗaya ta kumbura, sha-raɓa ya yi zafi da ciwo. Kada a yi tausa, kada a gasa, kada a yi ƙaho. Gudan yana iya ɓallewa ya tafi huhu.

*Gudan jini a huhu.* Numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ƙirji ya riƙa suka in an ja numfashi, wani lokaci da tarin jini. Wannan yana kisa cikin gaggawa.

*Bugun zuciya.* Nauyi ko matsi a ƙirji mai tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, da zufa. Kada a ce ai yarinya ce, gyambon ciki ne kawai.

*Yatsu masu canja launi.* Kimanin ɗaya cikin masu lufus uku, yatsunsu sukan yi fari ko toka-toka su sage in sun taɓa ruwan sanyi, musamman da hunturu. Yawanci ba hatsari, a dai sa safa a ɗumama ruwan wanki. Amma in yatsa ya yi baƙi, ko miki ya fito a bakinsa, jini ya yanke ke nan, a hanzarta.

*Gyambon ƙafa* da ya ƙi warkewa, da ɗige-ɗige masu duhu a fata, suna iya nuna kumburin jijiyoyin jini.

Ciki da haihuwa

Jariri yana samun abincinsa ta mabiyiya, ita kuwa cike take da ƙananan jijiyoyin jini. In jini mai danƙo ya toshe su, sai ciki ya zube, ko jariri ya mutu a ciki, ko a haife shi ƙarami kafin lokaci. Uwar ma tana cikin hatsarin hawan jini da jijjigar masu ciki. Mata da yawa sun sha gori, wasu har aurensu ya mutu, a kan abin da gwajin jini zai iya nunawa.

Duk macen da ta yi ɓari sau uku a jere a farkon ciki, ko jariri ya mutu mata a ciki bayan mako goma ba a san dalili ba, ya kamata a gwada jininta. Akwai magani: asfirin ɗan kaɗan kowace rana tare da allurar hefarin. Da wannan kulawa fiye da bakwai cikin goma suna haihuwar ɗa mai rai.

Mace mai lufus tana iya aure ta haihu. Abin da ake so shi ne ta shirya tare da likita, ciwon ya kwanta na aƙalla wata shida kafin ta ɗauki ciki, a kuma canja mata magungunan da suke cutar da jariri, irin su wafarin. Ta fara awo da wuri, ta haihu a asibiti. Makonni shida na bayan haihuwa lokaci ne na hatsarin daskarewar jini, saboda haka kada ta yi ta kwanciya ba motsi. Game da tazarar haihuwa, ƙwayoyin sha masu sinadarin istirojin suna ƙara daskarewar jini, ba su dace da mai jini mai danƙo ba. Akwai wasu hanyoyi, kamar robar mahaifa. Ta gaya wa ma'aikaciyar lafiya ciwonta kafin a zaɓa mata.

Abin yi a sa'o'in farko

Idan ana zaton shanyewar ɓarin jiki, a gwada abu uku. A ce ya yi murmushi: baki ya karkace? A ce ya ɗaga hannu biyu: ɗaya ya faɗi? A ce ya faɗi sunansa: maganar ta sarƙe? Ko ɗaya aka gani, a nemi mota nan take.

- A lura da ƙarfe nawa abin ya fara. A manyan asibitocin da suke da shi, maganin narkar da gudan jini yana aiki ne cikin sa'a huɗu da rabi na farko.
- Kada a ba shi ruwa, ko kunu, ko jiƙo. Maƙogwaro ma yakan shanye, abin ya bi ta huhu.
- Kada a ba shi asfirin. Wata shanyewar daga fashewar jijiya take, asfirin kuwa zai ƙara zubar jinin. Hoton kai ne yake bambanta su.

Idan mutum yana jijjiga:

- A janye shi daga wuta, da ruwa, da abin da zai ji masa rauni. A sa tsumma a ƙarƙashin kansa.
- Kada a cusa cokali ko yatsa a bakinsa. Kada a ɗura masa kome. Kada a danne shi, kada a yi masa hayaƙi.
- In jijjigar ta tsaya, a kwantar da shi a gefensa. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwo.
- In ta wuce minti biyar, ko ta sake dawowa, ko wannan ce ta fari, ko mace ce mai ciki, a tafi asibiti ba jira.

Idan mutum ya ruɗe, a yi masa magana a hankali, mutum ɗaya ko biyu da ya sani su zauna da shi. Kada a ɗaure shi da mari, kada a yi masa dūka, kada a hana shi abinci. Zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ma na gaggawa ne.

Addu'a ba ta hana tafiya. A yi ta a cikin mota.

A asibiti

A tafi da dukan katunan asibiti da kwalayen magani. A ba da labarin duka, har da gashin da ya zube, da ƙurajen rana, da ɓarin da aka yi shekarun baya. Sau da yawa waɗannan ƙananan labarai ne suke sa likita ya tuna da lufus, gama ciwon yana kama da sikila, da tarin fuka, da ƙanjamau, da taifod.

Gwajin fitsari, da awon hawan jini, da ƙidayar ƙwayoyin jini, ana yin su a babban asibitin ƙaramar hukuma, ba su da tsada sosai. Akwai gwajin jini da ake kira ANA. Kusan duk mai lufus yana nunawa a jininsa, amma yakan nuna a jinin wasu masu lafiya ma, don haka shi kaɗai bai isa ba. Gwajin jini mai danƙo sai an yi shi sau biyu, da tazarar mako 12, kafin a tabbatar. Wani lokaci za a nemi hoton kai, ko a ɗebi ruwan laka a baya domin a duba sanƙarau. Kada ku ji tsoron wannan, ba ya gurgunta mutum. Ƙwararrun likitocin ciwon gaɓoɓi da na ƙwaƙwalwa kaɗan ne, an fi samunsu a asibitocin koyarwa irin na Jos, da Zariya, da Kano, da Maiduguri. A roƙi takardar turawa.

Zama da magani

*Haidiroksikulorokwin*, wanda ake sayarwa da suna Plaquenil da wasu sunaye, shi ne ginshiƙi. Ɗan'uwan kulorokwin ne da muka sani, amma kada kowa ya musanya su da kansa. Yana rage tashin ciwon, yana rage daskarewar jini, ana kuma shansa da ciki da shayarwa. Yakan ɗauki wata biyu ko uku kafin a ga aikinsa. A wani gwaji da aka yi a Kanada aka buga a 1991, waɗanda aka janye musu shi ciwonsu ya tashi sau biyu da rabi fiye da waɗanda suka ci gaba. Ana bukatar duba ido a farko, sa'an nan kowace shekara bayan an yi shekara biyar ana sha.

*Firednisolon* yana kashe kumburi da sauri, ya ceci rayuka da yawa. Amma in an daɗe ana shan mai yawa yana kawo hawan jini, da ciwon sukari, da raunin ƙashi. Likita ne yake rage shi sannu sannu. Tsayar da shi farat ɗaya yana iya kisa. In ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa ko laka ko ƙoda, akan haɗa da wasu magunguna masu ƙarfi ta jijiya.

*Wafarin* na waɗanda jininsu ya taɓa daskarewa ne, yawanci har tsawon rai. Yana bukatar gwajin jini a kai a kai da ake kira INR. Mai shansa ya kiyaye waɗannan:

- Kada ya haɗa da magungunan ciwon jiki na kemis irin su ibufurofen da diklofenak, ko Septrin, ko jiƙe-jiƙe, sai da izinin likita.
- Ganye irin su zogale da alayyahu suna rage ƙarfin maganin. Ba a hana ci ba, a dai riƙa ci daidai kullum, ba yau tuli gobe babu ba.
- Ban da ƙaho da tsaga. A faɗa kafin a cire haƙori.
- Baƙin bayan gida, ko jini a fitsari, ko haɓon da ya ƙi tsayawa, a koma asibiti.

Ban da magani, a rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kanwa, a bar taba, a riƙa awon hawan jini. A guji ranar tsaka, daga ƙarfe 10 zuwa 4. A yi aikin gona da sassafe da yamma, a sa malafa da riga mai dogon hannu. A doguwar tafiya a riƙa motsa ƙafafu ana shan ruwa. A kwana cikin gidan sauro.

Abin da jama'a za su iya yi

Yawancin masu lufus da suke rasuwa a ƙauyukanmu, jinkiri da yankewar magani ne suke kai su. Waɗannan biyu kuwa suna hannunmu.

- Ku san tun yau motar wa ko babur ɗin wa za a nema da dare, a kuma ajiye ɗan asusu na gaggawa.
- Kuɗin magani na kowane wata ya fi ƙarfin gida ɗaya. Zumuntar mata ko ta maza za ta iya ɗaukar wani kashi.
- A taimaka da noma, da ɗiban ruwa, da itace. Mai lufus takan yi kama da mai lafiya alhali jikinta ba ƙarfi.
- Kada wani ya ce wa mai ciwo ta zubar da magani domin ta nuna bangaskiya. Lokacin azumi ma ta sha maganinta da abinci.
- Shugabanni su tsawata a kan zargin maita. Zargi yana raba dangi, yana kuma cinye kwanakin da ya kamata a yi a asibiti.
- Wanda ɓarin jikinsa ya shanye yana bukatar a riƙa juya shi kowace sa'a biyu in ba ya iya juyawa, a motsa masa gaɓoɓi kullum, a yi ta hira da shi. Sauƙi yakan ci gaba da zuwa har watanni da yawa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A misalin da muka karanta, waɗanne alamu ne suka bayyana tun kafin ranar da hannun matar ya shanye? Wa ya kamata ya lura?
2. In kai ne mijin, me za ka ce wa mahaifiyarka cikin ladabi domin a tafi asibiti a ranar?
3. Me mutanen ƙauyenmu suke yi wa mai farfaɗiya? Wanne ne yake taimako, wanne yake cutarwa?
4. Yaya muke magana a kan macen da take yawan ɓari? Me ya kamata mu canja?
5. Daga nan zuwa asibitin da ake ɗaukar hoton kai, sa'a nawa ne, kuma nawa ne kuɗin mota? In ba mu sani ba, wa zai binciko mana kafin zama na gaba?

Aikin yi

Ku kasu biyu-biyu ku gwada abu ukun nan, wato murmushi, da ɗaga hannu, da magana, har kowa ya iya. Ku gwada kwantar da mutum a gefensa. Ranar 10 ga Mayu ce ranar lufus ta duniya, ana kiyaye ta tun 2004. Za ku iya gayyatar ma'aikacin lafiya ya yi wa jama'a awon hawan jini da gwajin fitsari a wannan mako.

Ba kowane ciwon gaɓoɓi ne lufus ba, ba kuma kowace farfaɗiya ba. Amma idan kun ga budurwa ko matar aure da ciwo ya daɗe yana yawo a jikinta, sa'an nan wata rana hankalinta, ko maganarta, ko ƙafarta, ko numfashinta ya canja farat ɗaya, kada ku jira gobe. Ku ɗauke ta ku tafi, ku kuma ce wa likita ya duba ko lufus ne.